Idan An Taɓa Ka Don Launinka Ko Addininka: Jagora Ga Ɗalibanmu A Jami'o'in Birtaniya

A zangon karatu na 2022/2023 ɗaliban Najeriya da ke manyan makarantun Birtaniya sun haura 70,000, Indiya da Sin ne kawai suka fi mu yawa. A cikinsu akwai 'ya'yan Kano da Zariya da Sakkwato da Jos, wasu da tallafin gwamnati, wasu kuwa sai da aka sayar da fili kafin aka haɗa kuɗin makaranta. Kusan dukkansu nasiha ɗaya aka sallame su da ita a filin jirgi: ka yi haƙuri, ka kama kanka, abin da ya kai ka shi za ka sa a gaba. Nasiha ce ta gari, kuma ta raba yara da yawa da fitina. Sai dai akwai ranar da ba ta isa ba, ranar da wani ya fizge wa ɗaliba hijabi a tashar bas, ko aka wayi gari an rubuta zagi a ƙofar ɗakin ɗalibi, ko aka tofa masa yawu ana ce masa ya koma inda ya fito. A irin wannan rana shiru ba ya kare kowa. Birtaniya ƙasa ce da hukumominta ba sa motsi sai da takarda, abin da ba a rubuta ba a wurinsu tamkar bai faru ba ne. Don haka abin da ya kamata ɗalibi ya iya tun kafin ya buƙace shi shi ne yadda zai gane laifin ƙiyayya idan ya gan shi, yadda zai adana hujjarsa, da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ma'anar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara na Ingila da Wales suke aiki da ita tana da asali, kuma sanin asalin yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. A ranar 22 ga Afrilu 1993 wasu samari farar fata suka daɓa wa Stephen Lawrence wuƙa yana jiran bas a unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan. Baƙar fata ne, shekararsa 18. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, har ta kai sai a 2012 aka samu mutum biyu da laifin kisan. Iyayensa ba su yi shiru ba, kuma nacinsu ne ya jawo kwamitin bincike na alƙali Macpherson, wanda rahotonsa na 1999 ya samu rundunar 'yan sandan Landan da wariyar da ta yi kanta a tsarin aikinta. Daga wannan rahoto aka ɗauko ƙa'idar da ake bi har yau: idan wanda abin ya shafa, ko wani da ya gani, ya ɗauka cewa ƙiyayya ce ta sa aka yi masa laifin, to dole a rubuta shi a matsayin laifin ƙiyayya a bincike shi a haka. Ɗan sandan da ke bakin kanta ba shi da hurumin ce maka ai ƙila wasa ne. Fannoni biyar ake lura da su: launin fata da ƙabila da ƙasar asali, addini ko rashinsa, naƙasa, jinsin da mutum yake sha'awa, da sauya jinsi. Sikotland tana da dokarta daban wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024, ta ƙara shekarun haihuwa a cikin jerin, amma hanyar kai ƙara kusan iri ɗaya ce.

Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka tambayi kanka abu biyu. Na farko, abin da aka yi laifi ne ko da an cire maganar launi da addini? Duka, tofa yawu, barazana, fasa taga ko lalata mota, bin mutum da tsangwama sau da yawa, zagi mai tayar da hankali a bainar jama'a, saƙon barazana ta waya, duk waɗannan laifuka ne a kan kowa aka yi su. Na biyu, akwai alamar cewa an zaɓe ka ne saboda abin da kake? Alamar nan galibi a bakin mai laifin take fitowa, a kalmar da ya furta lokacin da yake yi, ko gab da yi, ko da gamawa. Idan amsoshin biyu suka haɗu, hukuncin yakan yi nauyi. Dokar 1998 ta ware laifukan da wariyar launi ta tsananta, a 2001 aka shigar da addini. Ƙaramin duka wanda iyakar hukuncinsa wata shida ne yana iya kaiwa shekara biyu, duka mai rauni ya tashi daga shekara biyar zuwa bakwai, ɓarnar dukiya daga goma zuwa goma sha huɗu. Akwai abubuwa biyu da suke ruɗa mutane a nan. Ba sai mai laifin ya canka daidai ba: Kirista ɗan Kudancin Kaduna da aka zaga a matsayin Musulmi saboda ya sa kaftani da hula, laifin ƙiyayyar addini aka yi masa, kamar yadda aka sha yi wa mabiya addinin Sikh saboda rawaninsu. Kuma ba sai ƙiyayya ce kaɗai dalili ba: faɗan da ya faro daga wanke-wanke a kicin ɗin ɗalibai, idan ya ƙare da tura mutum ana zagin launinsa, ya shiga.

Akwai kuma abin da ba ya cikinsa, kuma gara a faɗe shi ƙarara don kada ɗalibi ya je da ƙorafin da zai dawo da shi cikin takaici. Dokar tana kare mutum ne, ba ta kare aƙida daga suka ba. An soke laifin saɓo a Ingila da Wales tun 2008, kuma dokar hana rura ƙiyayyar addini ta 2006 ta bar ƙofar sukar addinai a buɗe, har da yi musu ba'a. Malamin da ya soki wani hukuncin fiƙihu a aji, ko ɗalibin da ya ce bai yarda da samuwar Allah ba a wurin muhawara, maganarsa na iya ƙona maka rai matuƙa, amma ba laifin ƙiyayya ya yi ba, kuma jami'o'in Ingila suna ƙarƙashin dokar 2023 da ta wajabta musu kare 'yancin faɗin albarkacin baki. Iyakar tana wurin da aka bar ra'ayi aka koma kan mutum: aka bi ka, aka tsorata ka, aka mai da ajinka ko ɗakinka wurin da kake fargabar shiga. Tsakanin laifi da 'yancin magana kuma akwai fili mai faɗi, na baƙar magana da habaici da ware mutum daga aikin rukuni da kwaikwayon harshensa ana dariya. 'Yan sanda ba lallai su iya komai a kai ba, amma dokar daidaito ta 2010 da ƙa'idojin ladabtarwa na jami'a sun hana tsangwama irin wannan. Saboda haka kada ka tsaya yi wa kanka alƙalanci kafin ka kai. Aikinka faɗin abin da ya faru, rarrabe shi aikin masu karɓa ne.

A nan dole in faɗi maganar da ba kowa ke son ji ba. Wannan doka kaifi biyu gare ta. Kariyar da ta ba mai hijabi ita ta ba Bayahude mai ƙaramar hularsa, ita ta ba ɗan luwaɗi da wanda ya sauya jinsi, ko kana ganin dacewar hakan ko ba ka gani. Kana da damar riƙe aƙidarka da faɗinta cikin natsuwa, amma ranar da ka zagi abokin ajinka ko ka yi masa barazana a kan ɗaya daga cikin waɗannan, kai ne wanda za a kai ƙara. Haka nan kalmar launi a dokarsu ta haɗa da ƙabila da ƙasar asali. Zagin ƙabilanci da muka saba jifan juna da shi a gida lokacin zaɓe, wannan ya ce wa wancan nyamiri, wancan ya mayar da kalmar aboki abin wulaƙanci, wani ya kira ɗan'uwansa arne, idan aka kwashe shi aka zuba a zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya a Coventry ko Hull aka haɗa da barazana, hukuma ba za ta ce ai 'yan gida ɗaya ne ba. Wanda yake son a kare shi daga wulaƙancin Bature sai ya fara kame bakinsa daga wulaƙanta maƙwabcinsa.

To idan abin ya faru, me za a yi? Farko ka tsira da lafiyarka. Ka matsa inda mutane suke, shago ko ɗakin karatu ko kusa da direban bas. Idan akwai haɗari a lokacin, ko mai laifin yana nan, ka kira 999. Idan yanayin bai bari ka yi magana ba, ka tsaya a kan layin ta wayar hannu, ka danna 55 idan aka buƙata, za a haɗa ka da 'yan sanda. A harabar makaranta akwai masu tsaro dare da rana, lambarsu tana shafin jami'a kuma sau da yawa su za su riga kowa isowa. Abin da zan roƙe ka da babbar murya shi ne kada ka rama. Doka ta yarda ka kare kanka gwargwadon haɗarin da ke gabanka, amma bin mutum da naushi bayan ya juya baya ramuwa ce, kuma ita ce take mai da wanda aka zalunta wanda ake tuhuma. Ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gidan uwarsa. Kai kuwa da biza kake zaune, hukuncin kotu na iya bin ka har ranar da za ka nemi sabunta ta.

Da ka samu natsuwa, kafin ka yi barci a daren, ka rubuta komai. Wannan ne jigon aikin gaba ɗaya, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina daidai, lambar bas ko tarago, kamannin mutumin da tufafinsa, wa ya gani da yadda za a same shi. Sama da duka, ka rubuta ainihin kalmomin da aka furta, da Ingilishinsu, harafi da harafi. Tarbiyyarmu ta hana mu maimaita ashar, shi ya sa ɗalibi zai je gaban ɗan sanda ya ce an faɗa mini baƙar magana, ya tsaya nan. Amma a kotu kalmar nan da kake jin kunyar furtawa ita ce take bambanta ƙaramin laifi da babba, domin rubuta ƙara da zatonka ake yi, tabbatar da ita kuwa sai da hujja. Idan da rauni, ka ɗauki hotonsa ka je asibiti ko wurin likitanka a shigar da shi a fayil. Idan rubutu ne a bango ko ƙofa, ka ɗauki hoto kafin masu shara su goge. Idan ta intanet ne, ka ɗauki hoton saƙon yadda sunan mai turowa da lokaci za su fito, ka kwafi adireshin shafin, sannan ka toshe shi; wanda ya fara gogewa don baƙin ciki ya goge hujjarsa da hannunsa. Kuma ka hanzarta, saboda hotunan kyamarar tsaro ba a daɗe ana ajiye su, a wurare da yawa ba sa wuce wata guda, na cikin motocin haya ma ba sa kaiwa haka. Abin da ya faru a 2018 ya isa misali. A Jami'ar Nottingham Trent wata ɗaliba baƙar fata ta kulle kanta a ɗaki ta naɗi bidiyon da ke ɗauke da muryar masu rera zagin baƙaƙe a bakin ƙofarta. Wannan bidiyon ne ya kai ga kama mutane, ɗaya ya amsa laifi a kotu aka ci shi tara da diyya. A Jami'ar Exeter, a shekarar dai, hotunan saƙonnin wariya daga zauren WhatsApp na wasu ɗaliban shari'a su suka jawo kora da dakatarwa da rushe ƙungiyar tasu. Da baki kawai aka je, da an ce maganarka ce da tasu.

Ƙofofin kai ƙara biyu ne, kuma shiga ɗaya ba ta rufe ɗayar. Ta 'yan sanda, idan ba gaggawa, ka kira 101, ko ka cike fom a shafin rundunar yankinka, ko a shafin True Vision wanda 'yan sanda suka keɓe don irin wannan laifi. Idan a jirgin ƙasa ne ko tasharsa, ana tura saƙon tes zuwa 61016. Ka faɗa da bakinka cewa kana ganin laifin ƙiyayya ne, ka faɗi dalili, don a shigar da shi a haka tun farko. Ka karɓi lambar ƙara ka adana ta, da ita za ka riƙa bibiya. Kana da haƙƙin a kawo maka tafinta kyauta, kuma ina ba da shawarar ka nema ko da kana jin Ingilishi, idan ka san tashin hankali yana sarƙe maka harshe. Kada ka sa hannu a bayaninka sai ka karanta ka ga kalmomin nan sun shiga yadda aka faɗe su. Wanda ba ya son tunkarar 'yan sanda kai tsaye yana iya bi ta ƙungiyoyi masu karɓar rahoto a madadin mutum, irin su Stop Hate UK, ko Tell MAMA da aka kafa a 2012 don tattara hare-haren da ake kai wa Musulmi. Idan aka rufe ƙararka ba tare da gurfanar da kowa ba alhali an gano wanda ake zargi, akwai tsarin neman a sake duba shawarar.

Ƙofar jami'a kuwa ita ce ta fi kusa, kuma sau da yawa ta fi saurin amfani. Jami'o'i da dama suna da shafi mai suna Report + Support, inda za ka zaɓi ka ba da rahoto da sunanka ko a ɓoye. Ka san bambancin kafin ka zaɓa: rahoton ɓoye yana taimaka musu su ga inda matsala take taruwa, amma da wuya ya kai ga hukunta wani, kuma ba su da hanyar nemo ka su taimaka maka. Fa'idar jami'a ita ce ma'auninta ya fi na kotu sauƙi. Kotu sai ta tabbatar babu kokwanto, kwamitin ladabtarwa kuwa rinjayen hujja yake dubawa, don haka abin da ya gagara a wurin 'yan sanda yana iya tsayawa a nan. Tun kafin a gama bincike kana iya neman a hana mutumin tuntuɓarka, ko a raba muku gini; kuma ka nace cewa ba kai da aka zalunta ba ne kullum za a ɗauke daga ɗakinka. Ka je sashen ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, ma'aikatansa ba a ƙarƙashin hukumar makaranta suke ba, hidimarsu kyauta ce, kuma suna iya raka ka zaman sauraro. Abu guda da ɗalibanmu suke mantawa shi ne karatun kansa. Mai bizar karatu ana lissafa halartarsa aji, kuma wanda tsoro ya kulle a ɗaki mako uku bai gaya wa kowa ba, a takarda ɗan fashin makaranta ne. Rahoton da ka kai shi ne zai zama hujjarka ta neman uzuri a ɗage maka jarrabawa ko ranar miƙa aiki. Daga 1 ga Agusta 2025 hukumar da ke sa ido kan jami'o'in Ingila ta wajabta wa kowacce ta wallafa tsarinta na magance tsangwama a wuri guda da kowa zai gani, kuma an hana su sa ɗalibi ya rattaba hannu kan alƙawarin yin shiru a irin wannan ƙorafi. Idan jami'a ta gama ba ka gamsu ba, ka nemi takardar kammala bincike. Daga ranarta kana da wata 12 ka kai kuka ofishin mai sasanci mai zaman kansa da ake kira OIA, wanda yake duba ƙorafin ɗalibai a Ingila da Wales ba tare da karɓar ko sisi ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce kai ƙara zai taɓa bizarsu. Ba ya taɓawa: wanda takardunsa suke daidai, zuwansa a matsayin wanda aka zalunta ko shaida ba laifi ba ne, kuma jami'a ba ta da ikon rage masa maki don ya yi ƙorafi, yin hakan ma wani saɓa dokar daidaito ne. Za su ce ko an kai ba abin da za a yi. A nan ba zan yi musu ƙarya ba, ƙararraki da yawa suna mutuwa saboda ba a gano mai laifin ba, kuma wasu jami'o'in sun fi damuwa da sunansu fiye da ɗalibinsu. Amma a duba abin da hukumar daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta gano a bincikenta na 2019: kashi 24 cikin 100 na ɗalibai 'yan tsirarun ƙabilu sun fuskanci tsangwamar launi tun shigarsu jami'a, kuma kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa ba su gaya wa makarantarsu ba. Sakamakon haka jami'o'i da yawa suka riƙa kallon 'yan ƙorafin da ke teburinsu suna cewa lafiya lau ake. Shirun da aka yi don an ɗauka ba za a yi komai ba shi ne ya zama hujjar rashin yin komai. A shekarar da ta ƙare a Maris 2024 'yan sandan Ingila da Wales sun rubuta laifukan ƙiyayya 140,561, kusan bakwai cikin goma na launi ne, kuma a cikin na addini Musulmi ne suka fi yawa, Yahudawa na bi musu. Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke inda za a ƙara sintiri da masallacin da za a ba kuɗin tsaro. Bayan tarzomar da ta ɓarke a ƙarshen Yulin 2024, wadda ta faro daga ƙaryar cewa Musulmi mai neman mafaka ne ya kashe yara a Southport, har gwamnatin Najeriya ta gargaɗi 'yan ƙasarta da ke can, babu mai cewa waɗannan lambobi wasa ne.

Saura masu cewa haƙuri ya fi, a bar wa Allah. Yafiya haƙƙinka ce, ba mai ƙwace maka ita, kuma kana iya kai rahoto ka ce ba ka son zuwa kotu. Amma abin da aka yi maka kaɗai kake da ikon yafewa. Mutumin da ya fizge hijabi yau bai gamu da komai ba, gobe wata zai tara, wataƙila ƙanwar da ta sauka a makon nan ba ta san hanya ba. Yawancin masu irin wannan hali ba sau ɗaya suke yi ba, kuma rahotonka na iya zama na uku da zai sa a haɗa hoton kyamara da suna. Shi ya sa ma nauyin bai tsaya kan wanda aka zalunta ba. Ƙa'idar ta ce ko wani da ya gani, wato kai da kake kujerar baya a bas kana da damar kai rahoto da kanka. Idan ka ga ana yi wa wani, ka je ka tsaya kusa da shi ka yi masa magana kamar kun saba, ka ƙyale mai zagin, ka ba shi lambarka a matsayin shaida kafin ku rabu. Bidiyon da ka ɗauka kuwa nasa ne. Ka miƙa masa, kada ka watsa a Facebook ko TikTok ba da izninsa ba.

Kira na ga shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da na Musulmi da na coci-coci a waɗannan jami'o'i shi ne su sa wannan bayani cikin tarbar sababbin zuwa kowace Satumba da Janairu, tare da bayanin inda ake sayar da naman halal da rigar sanyi. Iyaye kuma, idan yaro ya kira ya ce ga abin da aka yi masa, bayan kun ba shi haƙuri ku tambaye shi ko ya rubuta, ko ya kai. Kai kuma ɗalibi, yau ɗin nan ka buɗe shafin jami'arka ka nemo inda ake kai rahoto, ka sa lambar masu tsaron harabarku da 101 a wayarka.